Lauya ya rubuta na gani da idona, alhali Kawu na bar wa katin ejan ɗina

Assalamu alaikum Admin da mutanen gidan nan. Don Allah a sa min wannan ba suna, wanda ya gane ni kuma ya riƙe a cikinsa. Ku ba ni shawara da wuri, yau Litinin, ranar Alhamis ɗin nan zan tsaya gaban alƙalan tiribunal, kotun ƙararrakin zaɓe, kuma wallahi ban san me zan ce ba.

Ni mace ce, shekarata ashirin da bakwai, a nan Enugu aka haife ni, a Obiagu, ina da ɗan shagon kayan waya. A zaɓen da ya wuce na yi wa wani ɗan takarar majalisar jiha ejan a akwatinmu, Ibo ne, bari in riƙa ce masa Oga. Ba siyasa ce ta haɗa mu ba. Ina ƙarama an taɓa yin wani tashin hankali a gari, a ɗakin mahaifiyarsa muka yi kwana uku, ni da Mama da marigayi Babanmu, ita tana zaune a bakin ƙofa tana ce wa masu tambaya ba kowa a ciki sai jikokinta. To da ya ce yana son ejan mai jin Hausa da yaren Ibo da Turanci, ko shawara ban yi ba na ce to.

Ranar zaɓe tun safe ina wurin da katina a wuya. Wajen sha biyu na'urar tantance mutane ta fara wasa, layi ya tsaya cak, rana kuma ta buɗe. Mama tana da hawan jini, tana cikin layin, sai kawai na ga ta zame ta zauna a ƙasa. Kun san ranar zaɓe ko keke ɗaya babu a titi. Kawuna, ƙanin Mama, mai sayar da albasa a kasuwar Artisan, yana tsaye a gefe, sai na cire katin na rataya masa a wuya na ce Kawu duba min yanzu zan dawo. Wallahi yadda muke yi a kasuwa in za ka je salla ka ce wa maƙwabci duba min rumfa, haka na ɗauki abin. Na riƙe Mama a hankali har gida, na ba ta magani, na jira ta dawo daidai, na yi azahar. Kusan awa biyu.

Ina dawowa na tarar wuri ya canza. Mutane sun ragu, kowa ya yi tsit. Kawu ya ja ni gefe ya ce wasu samari sun zo su kusan goma, sun tsaya a kan ma'aikatan zaɓe, sun dangwale takardu sun cusa a akwati sun tafi. Mai shayi ya faɗa min haka, matar da ke sayar da okpa, alalar gurjiya, a kusurwa ita ma haka. Da aka gama ƙirge na ce ba zan sa hannu a takardar sakamako ba, Kawu ya ce ke sa hannu mu tafi gida da ƙafafunmu. Na sa.

Oga ya faɗi da ƙaramin bambanci, ya tafi kotu. Ana saura kwana ɗaya wa'adin shigar da ƙara ya cika aka tara mu ejan-ejan a ofishin Barista, lauyan Oga. Ya tambaye ni me ya faru, na ce an zo an dangwale. Ban ce na bar wurin ba, kunya nake ji, an ba ni amana na tafi. A nan laifina yake, ba sai kun faɗa min ba. Aka buga takarda da Turancin lauyoyi shafi-shafi, ana cewa sauri sauri, na sa hannu, aka kai mu kotu aka buga hatimi.

Satin da ya wuce ne aka turo min ita a waya wai in maimaita kafin Alhamis. Sakin layi na shida cewa yake ina wurin tun daga farko har ƙarshe ban motsa ba, kuma na ga samarin da idona, har da launin rigar babbansu.

Na tafi wurin Barista na gaya masa komai. Mutumin nan sai da ya cire tabarau ya dafe kai. Na ce a gyara takardar mana, ya ce ba a gyarawa, kwana ashirin da ɗaya doka ta bayar kuma sun wuce tuni, manyan kotuna sun sha yanke hukunci a kan haka. Na ce to a kira Kawu shi da ya gani, ya ce wanda ba a shigar da bayaninsa tare da ƙarar ba, ko sammaci aka aika masa ɗaya ɓangaren za su ce a watsar, kuma ana watsarwa. Na ce to in faɗi abin da aka gaya min, ya ce "an ce" ba shaida ba ce, kotu wanda ya tsaya a akwatin ya gani take so, shi ya sa ake naɗa ejan tun farko. Na dawo gida na bi sharhin lauyoyi a waya ko zan samu wata ƙofa, har wani na saurara yana bayani da Hausa, duk bakinsu ɗaya da nasa. Wato abu ya faru a gaban unguwa guda, amma a idon shari'a mutum ɗaya ce tal ta isa ta faɗa, ita kuma tana gida tana jiƙa wa uwarta tawul.

Ƙarshe ya ce min akwatinmu na cikin guda uku da ƙarar ta dogara a kansu, in nawa ya rushe sauran ba za su kai ba. Wai Hajiya abin ya faru ko bai faru ba? Na ce ya faru. Ya ce to ina ƙaryar take? Har ya ce ba dole sai na dafa Alƙur'ani ba, akwai wadda ake ɗaga hannu kawai a yi alkawarin faɗar gaskiya, Musulmi da yawa ita suke zaɓa.

Kawu kuwa da na je masa faɗa muka yi, irin wanda ban taɓa yi da shi ba. Na ce kai ka gani, kai ka sa na sa hannu, yanzu ka bar ni ni kaɗai. Ya ce shi albasa ya zo sayarwa Enugu bai zo sayar da shaida ba, shekara talatin yana garin nan lafiya don bai taɓa sa baki a rigimar masu gari ba. Na ce ni nan aka binne cibiyata, ya ce je ki faɗa musu haka ranar da abu ya ɓaci ki ga ko za su tambayi cibiya. Shawararsa wai in rufe shago in hau motar Kano sai an gama shari'a.

Ga kuma wani abin. Ejan ɗin ɗaya jam'iyyar maƙwabcinmu ne, ɗan kudancin Kaduna, yaya nake ce masa, shi ma ya taya ni ɗaga Mama ranar. Jiya ya tsaya a shagona kamar zai sayi caja, ya ce ƙanwata lauyanmu ya tambaye ni ko kin motsa daga wurin, na ce masa sai na tuna, amma in aka ɗora min Baibul a hannu ba zan yi ƙarya ba. Na ce to dangwalen fa yaya, shi ma za ka faɗa? Ya ce shi yana hango su ƙafa ta ɗauke shi, bayan shagon mai faci ya ƙare zaɓensa. Dariya ta so kama ni, kuka ya riga ta.

Mama kullum cewa take da ta sani ta zauna a gida ranar zaɓen. Yau ta ce mutanen nan sun rufa mana asiri ranar da ba mu da kowa, gobe ta ce rantsuwar ƙarya tana cin gida har jikoki. Shi Oga har yanzu bai sani ba, Barista ya ce kar in ɗaga masa hankali. Shekaranjiya mahaifiyarsa ta zo da sandarta duba Mama, ta kama hannuna tana ce min 'yata, wai duk ejan ɗin ɗanta ni ce ba ta shakka a kai. Na kasa kallon idonta.

In na tsaya na ce eh bayanina ne, na rantse a kan abin da ban gani ba, kuma akwai wanda zai iya tona ni a gaban alƙalai, an ce har ɗauri ake yi. In na ce na bar wurin, da bakina na kashe ƙarar mutumin da aka zalunta da gaske, waɗanda suka yi dangwalen su ci bulus. In na gudu Kano, duk abu ɗaya ne, sai dai an ƙara da sunan matsoraciya, kuma nan ne gidana, ina zan dawo?

Lauyoyin gidan nan, da gaske babu wata hanya da za a ji Kawu ko mai shayi? Malamai kuma ku gaya min tsakani da Allah, wanda ya tabbata abu ya faru amma bai gani ba, in ya ce ya gani, shaidar zur ce? Ɗaga hannun nan da Barista yake cewa, yana rage wani abu a wurin Allah ko kaina kawai zan yaudara? Sannan in je in gaya wa Oga da kaina tun kafin Alhamis, ko in bari ya ji a kotu tare da kowa? Don Allah ban da zagi, na zagi kaina ya isa. Ku gaya min me zan ce in alƙali ya ɗago takardar ya tambaye ni, wannan bayaninki ne?