Na Kashe Mai Jirgin Gajimare

Zuwa ga jikata, amaryata ta kaina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya ƙara muku lafiya da zaman lafiya. Mu nan sai godiya. Gwiwa ce dai take ta tsiyarta, hannu kuma kin ga yadda yake rawa a rubutun nan. Gwaggonki ta leƙo ni watan jiya, tana nan lafiya.

Littattafai huɗun da kika aiko sun iso. Da farko na ce wannan shirmen yara ne, ina ni ina duwatsu masu tafiya da ƙafa? Ashe ban sani ba! Yarinyar nan ta cikin labarin da take jin maganar ƙarfe ta hana ni sakat, har shayina yakan huce a gabana. Shi kuwa tsohon da yake tuƙa jirgi a kan gajimare, rigimarsa sak irin tawa.

Wata rana tela maƙwabcina ya ji ina dariya ni kaɗai, ya shigo duba ko na zautu. Na karanta masa shafi biyu. Washegari sai ga shi da mai aski da direba. Yanzu kullum da yamma ɗakin nan da ya shekara uku shiru, kujeru ba sa isa.

To ga inda na yi ɓarna. Littafi na huɗu ya ƙare ranar Litinin, jirgi na rataye a bakin dutse. Na ji tsoron in na faɗa musu za su daina zuwa. Sai na riƙe littafin a buɗe, na gyara tabarau, na ci gaba daga kaina. Kwana biyar ke nan. Jiya labari ya ƙwace mini, na kashe mai jirgin. Mai aski har da hawaye, tela kuwa ya rantse marubucin ba shi da imani.

Don Allah ki aiko na biyar da gaggawa. Kafin nan ki buga waya ki gaya mini ko tsohon yana raye. In yana raye, ki taya ni dabarar tashinsa, domin yau ma suna tafe.

Ki gaida maigidanki, da surukarki, da mai sunana, da auta. Allah ya sada mu da alheri.

Ni ne kakanki, angonki na tsufa.