Baƙuwar da Inna ke Niƙa wa Gahawa

Gwarimpa, Abuja
4 ga Mayu, 2006

Zuwa ga ƙanwata Kauthar,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan kin isa Kaduna lafiya, kin samu Abdulmajeed da yara ƙalau. Na zaɓi takarda ne saboda a waya dariya kike sawa kafin in kai ƙarshen magana, ni kuwa wannan karon sai na kai.

Kin zo mana ziyara, kin tafi kin bar min fitina a kicin. Ɗan injin niƙan gahawa na hannu da kika kawo wa Inna tsaraba nake nufi, mai aljihun katako a gindi.

Tun da ɓarin jikin Inna na hagu ya shanye tana hannuna. Ni ce mai jigilar asibiti, ni ce mai zame wa taro a ma'aikata in ratsa cunkoson motocin yashi in kai ta gashin ƙashi. Na hana ta ɗaga ko cokali. Babu injin lantarkin da ban saya ba don kada ta wahala. Abin da nake samu a bakinta shi ne, "Ke, an kira la'asar?" Ke kuwa kin sauko daga mota da ɗan akwati mai mariƙi, tsohuwa ta farfaɗo kamar an zuba wa alayyahu ruwa.

Yanzu da ta idar da sallar asuba sai kicin. Mijina Farouk, mutumin da bai san inda ake ajiye ashana a gidansa ba, shi ke soya mata 'ya'yan gahawar tsaunin Mambila a kasko. Sai ta matse injin tsakanin gwiwoyinta, ta kama mariƙin da hannun dama, ta yi ta juyawa. Ta jawo aljihun, ta murza garin tsakanin yatsu, in bai yi mata laushi ba ta sa Farouk ya ƙara ɗaure notin. Ita ba ta sha, likita ya hana saboda hawan jini. Niƙawar ce kawai tata. Farouk ya shanye ya ce Allah ya yi wa Kauthar albarka, ta amsa da amin mai ƙarfi. Ni ban ɗanɗana ba, kuma ba zan ɗanɗana ba.

Har waƙa take yi, Kauthar. Inna, da na ɗauka ciwo ya tafi da muryarta.

Ki gaida yara. Ki gaya wa Abdulmajeed in ya sake zuwa Habasha ya sayo wa matarsa zani, ba injin gahawa ba.

Yayarki,
Rekiya

Unguwar Rimi, Kaduna
10 ga Mayu, 2006

Yaya Rekiya,

Wa alaikumus salam. Ina gaisuwa da ladabi, ina wuni, ya jikin Inna, ya Yaya Farouk da sabon aikinsa na soya gahawa. Yara suna gaishe ki.

Wallahi kin yi gaskiya, a takardar ma dariyar na yi. Abdulmajeed ya ce ma'aikatar ilimi ta yi wa kotu fashin lauya.

Yaya, ba da wata manufa na kawo injin ba. Zuwana na baya na ga Inna zaune gaban talabijin tana murza gefen zaninta da yatsu, kamar mai neman aiki an hana ta. Matar da ta yi rayuwarta kan dutsen niƙa da turmi. Shi ne na ce bari in kawo mata abin da hannu ɗaya zai iya.

Don Allah kada a bar ta ta niƙa da yawa. Gahawa in ta kwana a niƙe ƙamshinta guduwa yake, gwargwadon shan ranar kawai. Kuma kada a wanke injin da ruwa, a goge da busasshen ƙyalle.

Wace waƙa take yi? Ko irin wadda take mana a Giwa ce in ta durƙusa kan dutse, mu zagaye ta muna satar gari? Ki rubuto min baitocin, na yi kewarsu.

Ki huta lafiya, a shafa min kan Inna.

Ƙanwarki,
Kauthar

Gwarimpa, Abuja
17 ga Mayu, 2006

Kauthar,

Salamu alaikum. Kowa lafiya. Na gode da darasin busasshen ƙyalle, na ƙara shi kan digirorina.

Kin yi kewar waƙar dutsen niƙa. Ni ba ni da abin kewa. Lokacin da kuke zagaye ta kuna satar gari ina gidan Kaka a Zariya, inda aka kai ni tun yaye, daga can sai makarantar kwana. Na san al'ada, na karanta ta a littattafai har na koyar da ita: 'yar fari ba a kiran sunanta, ba a wasa da ita, ba a nuna ana sonta. Na haƙura da wannan tun ina yarinya. Na ɗauka in ta tsufa ta dawo hannuna, ni da ita, wani abu zai saki. Sai ga shi ya saki, amma ba a kaina ba.

Ga baitocin da kika nema. Na tsaya bakin ƙofar kicin na rubuta su, don kada ki ce na ƙara gishiri:

Baƙuwa ta sauka, na rasa tabarmar shimfiɗa,
Baƙuwa mai dogon wuya, idona na ƙasa,
Sai ta juya baya in ƙare mata kallo,
Juya hannuna, juya, baƙuwa ce za ta sha.

Kin ji. Baƙuwa guda muka yi a gidan nan bana, ita ce ta zo da injin. Har wuya ta ƙara miki, ke da kanki ke zaune kan kafaɗa tun haihuwa. Haka so yake, gyara halitta yake yi.

Jiya ta sa Farouk ya turo min kofi, ta ce masa, "A ba ta." Na ce ba na shan ragowar baƙi. Farouk ya ce in ji tsoron Allah. Na ce ina ji, shi ya sa ban jefa injin cikin kwata ba.

Na yanke shawara. Ƙarshen wata zan kawo miki ita Kaduna, ita da injinta da kaskonta. Ta niƙa, wadda ake niƙa wa ta sha da zafinta. Zan haɗo miki katin asibiti da magunguna, fararen da safe, jajayen bayan abinci. Na gaya mata. "To" kawai ta ce. Da yamma na leƙa ɗakinta na tarar ta naɗe injin cikin ɗankwali ta ɗora kan akwatinta, ko tambayar dalili ba ta yi ba.

Ki share mata ɗakin ƙasa, ba ta iya hawa bene.

Rekiya

Unguwar Rimi, Kaduna
21 ga Mayu, 2006

Yaya,

Wa alaikumus salam. Gaisuwa mai yawa. Wannan karon ban yi dariya ba, na ba direban Abdulmajeed takardar nan don ta riga ƙarshen wata isowa.

Ɗaki a share yake, ko yau Inna ta zo gidanta ne. Amma ki karanta tukuna.

Yaya, yaushe Inna ta taɓa sakaya sunana? Kauthar take cewa gatsal, in ta so ta ce Auta, in na ɓata mata rai ta haɗa da sunan Baba. In ni take wa waƙa, da sunana za ki ji har maƙwabta.

Baƙuwa ke ce. Duk gidanmu na Giwa haka take kiranki in ba kya nan. Gwaggo Nazeefa ta ce ranar da aka haife ki ungozoma ta fito ta ce an yi baƙuwa, Inna kuwa kunya ta hana ta wuce nan, har bayan suna. In hutu ya kusa sai mu ji tana cewa a wanke ɗaki, Baƙuwa na tafe. Ta niƙa gero ta yi fura da hannunta, sannan in kin iso ta shige ɗaki ta ce ni in kai miki. Baba ne ya hana mu faɗin sunan a gabanki, ya ce da zuciyar nan taki za ki ɗauka ana nufin ba 'yar gida ba ce ke. Na ɗauka zuwa yanzu wani ya gaya miki. Ashe kowa ya ɗauka wani ya faɗa.

Waƙar nan ma ba sabuwa ba ce. A da "baƙuwa ce za ta ci" take cewa, gahawa ce ta mai da shi sha. Maganar wuya kuwa, ki je gaban madubi. Ni na yafe zagin.

Kofin da kika mayar, naki ne tun daga kasko.

Ki yi haƙuri in na yi rashin kunya. Ina jiran abin da kika ce game da ɗakin.

Ƙanwarki,
Kauthar

Gwarimpa, Abuja
2 ga Yuni, 2006

Kauthar,

Salamu alaikum. Ki mayar da kayanki ɗakin ƙasa, babu mai zuwa.

Kada ki ɗauka mun shirya. Kin girma kina jin sunana a bakin uwata, ni sai da furfura ta fito min na same shi a takarda. Wannan fushin dabam ne, zan zo da shi Kaduna da kaina.

Na yi wauta. Na same ta tana niƙa na ce, "Inna, wace ce Baƙuwa?" Ta saki mariƙin, ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce wa Farouk, "Ka ji min marar kunya." Tun ranar in ina gidan shiru take niƙanta.

To yanzu da safe sai in yi sallama, in fitar da mota in ajiye ta bayan katangar maƙwabta, in cire takalmi in lallaɓo ta baya in tsaya gindin tagar kicin. Sai ta tabbata na tafi take fara waƙar. Kullum a makare nake isa ofis, oga ya fara kallon agogo in na shigo. Ya yi ta kallo.

Ki gaida yara.

Yayarki,
Rekiya