Fok Ɗin da Aka Yi wa Walda

Obudu, Jihar Kuros Riba

Kawu Apollos,

Ina gaishe ku da fatan kuna lafiya. Yaya Mama da ƙafarta? Yaya Debbie da mutanen Demsawo? Ni lafiya lau, bautar ƙasa na tafiya.

Kawu, maganar keken da kuka ba ni ce. Waldar da kuka yi wa fok ɗin gaba, wato ƙarfen da ke riƙe da tayar gaba, da sifirinsa ya mutu, har ya daina lotsawa, ta yi daidai da titin Jimeta, amma nan hanyar duk duwatsu ce. Da shi nake kai jinin gwaji daga asibitin ƙauye zuwa gari. Makon jiya kwalaben jinin sun sake fashewa saboda jijjiga, aka sake huda yara marasa lafiya don ɗibar wani jinin. Shugabana ya ce in aka kuma, zai sallame ni.

Don Allah ku nemo mini wani fok ɗin a kasuwar Jimeta. Tayar inci ashirin da shida ce, birkin na faifai. Ina son wanda ake murɗawa a rage lotsawarsa: milimita ɗari wajen hawa, don kada gaban ya ɗaga, ɗari da talatin wajen gangara. Kada ku ɗauko mai kama da shi.

Ku yi haƙuri da rubutun, da hannun hagu nake yi tun da na faɗi da keken. An ce na dama targaɗe ne kawai. Kada Mama ta ji. Ku sa ni a addu'a, Litinin zan sake gangarawa.

'Yarku,
Zipporah