Na Ce Na Ƙoshi

Inna,

Ina gaishe ki. Ya ƙafar Baba? Yaya ta sauka kuwa?

Ni lafiya lau. Maigidan da nake tuƙawa yana zaga gidajen abinci, yau bakin teku, gobe can cikin ƙasa. Ranar farko ya ce in zauna mu ci. Na ce na ƙoshi, yadda kika koya mana, ina jiran ya sake tayi. Inna, mutanen nan ba sa tayi sau biyu! Mako uku ke nan, yana ciki da kifinsa, ina mota da burodi. Har yabona yake, wai ba ni da kwaɗayi. Da wane baki zan janye?

Kada Baba ya ji. Rigar da za ki aiko, a ɗan rage mata faɗi.

Autanki