Jirgin da ke jikin rumbun Kaka

Daudawa, Faskari

Zuwa ga ƙanena Muttaka,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da Bilki da yara, Ya kuma tsare ka a aikinka na tashar jiragen ruwa ta Legas. Mu nan alhamdu lillahi. Inna ƙafa ce ke damunta, amma baki lafiya lau, kullum sai ta yi mitar ka manta da ita. Ƙanwarmu Shafa'atu ta sauka lafiya a Ƙanƙara, an samu mace, an sa mata Fatsuma. Rubutu na zaɓa saboda a waya ba ka barin mutum ya dire magana, tun kana ƙarami haka kake.

Takardar da ka aiko in sa hannu a sayar da gonar Kaka ta hanyar Mairuwa ta iso, tare da saƙon cewa mu kwashe mu koma Funtua. Na san tsoro ne ya sa ka, ba raini ba. Amma kada ka koya mini tsoro, Muttaka. Ni na yi takaba bara, bayan ɓarayin daji sun tarar da maigidana, Baban Ummi, shi kaɗai a wannan gonar yana yankan dawa. Har yau in na ji ƙarar babur sai na jawo Ummi cikin gida. Duk da haka ba zan sa hannu ba, kuma ga dalilina.

Ka tuna zanen da ke jikin babban rumbu, wanda muke cewa gado ne da tsuntsaye a kai? Kai kana goye lokacin da Kaka Malam Rabo ya zaunar da ni ya ce jirgin ruwa ne. Ya ce da Turawan Ingila suka kwashe su zuwa yaƙin Bama, ba a barin jirgi ya ratsa teku shi kaɗai, domin akwai jiragen abokan gaba masu bi ta ƙarƙashin ruwa suna nutsar da wanda ya ware. Sai a haɗa ayari. A gefen ayarinsu ya ga wani jirgi mai ban dariya, samansa a shafe kamar masussuka, jiragen sama na tashi suna sauka a kai. Wani ɗan Saliyo mai dafa abinci ya gaya masa asalinsa jirgin 'yan kasuwa ne. Yaƙi ya matsa, na yaƙin ba su isa ba, sai aka sare masa sama aka shimfiɗa fili, ya zama ɗan rakiya mai hango haɗari tun daga nesa. Har ya ce akwai irinsa da ba su daina ɗaukar alkama a ciki ba. Wannan ne ya fi burge Kaka, shi ya sa da ya dawo ya zana shi da yatsa tun yaɓen rumbun yana ɗanye. Ban manta abin da ya ce ba: "Ba don hwaɗa anka yi shi ba, jikalle. Abinci shike ɗauke da shi, sai ya ɗaga kai ya kama tsaron abinai."

Bana da dawa ta nuna, kowa ya yi tsuru-tsuru a gari. An yi noma da ƙyar, ga hatsi tsaye, ba mai son zuwa ya yanko. Ina shanya a gindin rumbun nan ina kallon zanen, sai abin ya faɗo mini. Na yafa mayafi na tafi wurin mai unguwa na ce a dawo da gayya kamar da, amma kada a rarrabu: duk gari a gona ɗaya, a gama a wuce ta gaba, kuma a fita a dawo a ayari ɗaya. Maza suka yi ta gyaran murya, wai mace mai fita takaba ce za ta tsara musu. Na ce ai shi ya sa, ni na san abin da fita mutum ɗaya ke jawowa.

Mas'udu direba, mai tsohuwar motar kantar nan da sai an tura, shi ya fara yarda. Muka sa kafinta ya shimfiɗa katako a kan ƙarfen bayanta, aka yi dandali. A kai muka ɗora Baba Gide, tsohon maharbin nan da ƙafa ta hana noma amma ido bai mutu ba, da usur a wuya da tulun ruwa a gefe. Damman dawa a ƙasa, mai tsaro a sama. Mutanen Mairuwa suka yi ta dariya suna cewa jirgin Mansura ya taso. Na ce su yi dariyar, suna ya yi mini.

Ba zan ɓoye maka ba, a rana ta shida ɓarayin sun zo. Muna gonarmu da hantsi sai usur ya tashi sau uku, Baba Gide ya hango ƙurar babura ta wajen dajin Sabuwa tun ba a jin ƙararsu. Yadda muka shirya haka aka yi: mata da tsofaffi cikin mota, amalanke a tsakiya, maza a gefe, aka kira jami'an tsaro a waya. Na ƙanƙame Ummi ina salati har muka shiga gari. Ba a taɓa ko mutum ɗaya ba. Sun cinna wa damman da muka bari wuta, wajen kashi ɗaya cikin uku na gonar, na yi kuka a kan haka ba kaɗan ba. Bayan kwana biyu muka koma a ayari muka kwashe sauran. Ban ce maka an zauna lafiya ba, ban kuma san abin da baɗi za ta zo da shi ba. Abin da na sani shi ne rumbun Kaka ya haura rabi, kuma gona talatin da ɗaya aka girbe a garin da aka ce ba za a girbi ko ɗaya ba.

Ka gaishe mini da Bilki, da Shamsu, da takwarata. Inna na gaishe ka, Ummi ma haka, Baba Gide kuma ya ce a gaya maka yanzu ya fi ka zama ma'aikacin jirgi.

Ga buhun sabuwar dawa nan na ba direban da zai kawo maka wasiƙar. In Bilki ta kwance bakin, za ta ga takardarka a ciki, ba sa hannu. Damina ta cinye rabin zanen Kaka, sai na kwaɓa ƙasa na sake yaɓe wurin, na zana da yatsana, amma gaban jirgin ya karkace don ban taɓa ganin teku ba. Kai da kake ganin jirage kullum, na bar maka wurin. Ka zo da Sallah ka gyara shi da hannunka.

Wassalam, yayarka,
Mansura