Gawa Mai Gyara wa Masu Wanka

Zongo, Wagadugu

Angona Mannir, mijin da ba ya cefane,

Gaisuwa da fatan kana lafiya. Ya Konni? Kansar nan ta mafitsara da aka yi mini aiki bara ba ta mutu ba, ƙaura ta yi. Ta leƙa huhu, ta zarce babban yatsana na dama ta kafa rumfa. Likita ya ce bai taɓa ganin ta je nan ba, har ya tara ɗalibai suna ɗaukar hoto. Na ce su bari in sa lalle tukuna.

Abin haushin, yatsan ba ya riƙe buta. Shekara talatin ni ke wanke matan Zongo in sun rasu.

Ka gaida mutan gida.
Kakarka Ƙaltume

*

Konni

Kaka,

Assalamu alaikum. Na karanta, ban yi dariya ba. Na kira likitan, ya ce watanni ne suka rage miki. Rashidu direba zai biyo ta Wagadugu ran Talata, na kama miki kujerar gaba. Ki dawo gida cikin danginki. Don Allah kada ki yi gardama.

Jikanki mai biyayya,
Mannir

*

Ango,

Na amsa sallama. Mai biyayya, amma kana ba da oda kamar jandarma!

In na tafi, wa zai wanke matan nan? Babu wadda ta iya. 'Yan matan yanzu sun haddace komai a waya, amma su ga gawa su ruga har unguwar Tanghin. Na kama ƙanwarka Adawiyya da Zuhura maƙwabciya ina koya musu. Da yake ba a aron gawa, ni ke kwanciya a tabarma. Jiya Zuhura ta fara da hagu, na buɗe ido na ce, "Dama, 'yar nema!" Ta yar da buta, ta take mini yatsa. Na ga taurari, amma ba za ta ƙara mantawa ba.

Ka ba wa akuya kujerar.

Sai na ji ka,
Ƙaltume

*

Mannir,

Gaisuwa. Aminiyata Dela ta rasu ran Juma'a. Adawiyya ce ta wanke ta. Ina zaune bakin ƙofa, har aka ɗaure likkafani ban sami abin gyarawa ba.

Yanzu numfashi na yi mini rowa. Nan zan zauna. Mai son ganin amarya shi ke hawa mota, kuma kada ka jira bayan Salla.

Allah ya yi maka albarka.
Kaka