Daminar da Aka Haifi Yaya Nomau

Zuwa ga Inna,

Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga mahaifiya, da fatan Allah Ya sa kina cikin rahamarSa.

Kwana uku ke nan na kasa zama wuri ɗaya. A maɗaba'ar da nake aiki an ba ni tarihin wani shugaban Amurka in mayar da shi Hausa. Kafin yaƙin basasar ƙasarsa ya ce ba zai taɓa bauta a inda ya tarar da ita ba, zai dai hana ta yaɗuwa. An ce a ransa yana ƙin ta. Ina neman sunan da zan ba wannan hali nasa, na rubuta “haƙuri”, na soke. Na rubuta “dabara”, na sake sokewa.

Haka Turawa suka yi mana. Suka tsayar da rana: wanda aka haifa bayanta ɗa ne, wanda ya riga ta bawa ne.

Ina ƙarami aka kai ku gaban alƙali a Ruma kan maganar Yaya Nomau. Alƙali ya tambaye ki a wace damina kika haife shi. Kin sani sarai, bayan ranar ne. Amma ɗan fari ne, ko sunansa ba kya faɗa. Kika sunkuyar da kai, kika ja mayafi. Ubangidanmu ya faɗi tasa daminar, ta kafin ranar, aka rubuta.

Da na girma na tambaye ki, muna ɓarar gyaɗa. Kika ce, “Ta yaya uwa za ta yi maganar ɗan fari a gaban maza?” Sai hannunki ya daina aiki.

Na daɗe ina riƙe da ke a kan wannan, Inna. Yanzu ga nawa. Da doka ta zo ta 'yanta kowa, ni na duba rubutun sanarwar kafin a buga. Na ce sai bayan girbi zan je in karanta wa Yaya Nomau. Girbi nawa ya wuce. Wani ɗan ƙauyenmu Yasore ya shaida mini har yau da safe gandun ubangidan nan namu yake tafiya da fartanya, ga furfura.

Ke kunya ce ta rufe miki baki. Ni ban san sunan tawa ba.

Na nemi izini a wurin aiki. Ranar kasuwa zan bi mota zuwa Batsari, in ƙarasa da ƙafa. Ban san ko zai ɗago ya dube ni ba.

Allah Ya haskaka makwancinki, Ya yafe mana baki ɗaya.

Ɗanki,
Mamman